Sunan da Ba a Kira a Gidanmu

Ihun samari ne ya tono mini wannan zance.

Ina da 'yar rumfa a bakin tashar Cadawa, inda nake sa wa mutane wuta a salula. Farantin hasken rana a bisa rufi, batir a ƙarƙashin tebur, wayoyin caji sun sarƙe kamar yaɗon kabewa. Aikin ke nan, babu wani abin faɗi a ciki. Idan la'asar ta yi, rana ta karya, samari kan cika mini benci, kowa ya duƙa a kan salularsa suna wasan faɗan nan na cikin gilashi. Mutanen cikin wasan kowa da sunansa, kuma sunayen nan suke kira da ƙarfi, suna zuga su, har 'yan kabu-kabu su riƙa waigowa.

Rannan sai gardama ta kaure a tsakaninsu. Ɗaya ya ce sunayen nan na banza ne, masu yin wasan sun ƙaga su ne kawai don su yi daɗi a baki. Wani mai ɗan karatu, wanda ke zuwa lise, wato babbar sakandare, ya ce ba haka ba ne. Ya ce ya bincika, babu sunan da aka sa haka nan. Wannan sunan wani tsohon mayaƙi ne na ƙasar masu yin wasan, wancan sunan dutsen da ke bayan garin wanda ya zana shi ne, wata kuma an sa mata sunan ɗiyar ɗaya daga cikin masu aikin, wadda ta rasu tana ƙarama. Suka yi masa dariya. Sai suka juyo kaina.

"Baba, kai mi ka gani?"

"Shi ke da gaskiya."

"Kai Baba! Kai da ko kunna wasan ba ka iya ba?"

"Ban iya ba. Amma shi ke da gaskiya."

Na koma kan wayoyina. Ni ban yi nisa a lakol ba, wato makarantar boko, kuma ban iya jan magana da yara ba. Amma kai da kake karanta wannan, zan gaya maka inda na san abin.

Abu biyu zan faɗa maka tun yanzu don kada ka ruɗe. Ba za ka ji sunan yankan kowa a bakina ba. Sannan ɗana na fari ya tafi arewa haƙar zinariya, can bayan Agadas, kuma damina ta zo ta wuce, ta sake zuwa ta wuce, ban ji muryarsa ba. Salular gari duka ni ke sa mata wuta, tawa ce ba ta kuka. Ka riƙe wannan, za mu dawo kansa.

Ƙauyenmu yana tsakanin Cadawa da Agiye, in ka saki kwalta ka yi kudu cikin yashi. Gidanmu ne na ƙarshe ta gefen gabas. Daga danganmu sai gonaki, sai gawo, sai goruba jefi-jefi har inda ido ya tsaya. Mu uku ne a ciki: ni, da innata, da kakata, wato uwar ubana. Ubana ya tafi cirani kudu ina goye. An ce zai dawo kafin shuka. Aka yi shuka, aka yi noma, aka yi girbi. Ban san fuskarsa ba. Abin da na sani nasa shi ne wata hauya mai doguwar ƙota da ke rataye a jikin rumbu, wadda babu mai taɓawa.

Ka san yadda muke. Mace ba ta kiran sunan mijinta. Uwa ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ko da rijiya yake shirin faɗawa, sai dai ta ce "kai", ko ta ce "yaron nan". To ubana shi ne ɗan fari a wurin kakata, kuma shi ne miji a wurin innata. Innata kan ce "shi". Kakata kan ce "wancan da ya tahi". A gari kuma da wani laƙabi aka san shi, irin wanda abokai kan manna wa mutum tun yana yaro har ya danne sunan yanka. Saboda haka na kai girman da ake aikena kiwon awaki ban san sunan ubana ba, kuma ban san ban sani ba.

Kakata mutuniyar kudu ce, daga can ƙetaren iyaka aka auro ta, kuma har ta mutu ba ta bar cewa tuwon garinsu ya fi namu laushi ba. Sana'arta saƙar tabarmar kaba. Yatsunta duk sun tsattsage, farcenta ya yi kauri kamar ƙaho. Takan zauna a inuwar rumbu, ƙafafu a miƙe, kaba a jiƙe cikin wata tsohuwar ƙwarya a gefenta. Ni take ce wa maigida, ni kuma in ce mata matata, ko tsohuwa in ta ba ni haushi. A rana sai in sake ta sau nawa, ta ce ba ta zuwa ko'ina sai na biya ta kuɗin fura.

Idan ruwa ya ɗauke, tafkin bayan gari ya fara ja da baya, yakan bar wata baƙar laka mai danƙo a gefensa. Har yau in na yayyafa ruwa a gaban rumfata, ƙamshin nan nake ji, na ƙasa da ganye ruɓaɓɓe da kofaton shanu. Da wannan laka muke gina 'yan kokowa. Kowane yaro da nasa, kamar tsawon tafin hannu. A zana da'ira a ƙasa, kowa ya riƙe nasa, a gwara su ƙirji da ƙirji. Wanda kansa ko hannunsa ya fita, ya sha kaye. Kuma dole ne ɗan kokowarka ya zama yana da suna, don sai ka yi masa kirari kafin a gwara. Yara kan sa wa nasu Gatari, ko Kunama, ko Hadari, duk abin da zai ba abokin karawa tsoro.

Nawa na farko bai kai ko'ina ba. Gwarawa ɗaya ya rabe biyu. Na shigo gida ina jan majina.

"Wa ya taɓa mini miji?" in ji kakata.

"An kayar da nawa."

"To ai da gaggawa ka gina shi. Tahi ka ɗebo laka."

Ta sa na kwaso busasshen kashin jaki, ta murje shi a tafin hannu. Ta tsaga zaren kaba siri-siri, ta cuɗa su duka da lakar. Ta ce kada a shanya shi a rana, a bar shi a inuwar rumbu ya sha iska a hankali. Da ya bushe ta binne shi a tokar murhu, ƙarƙashin tukunyar tuwo. Washegari ya fito ja-ja baƙi-baƙi, in ka ɗalle shi da farce sai ya yi ƙara kamar sabon tulu.

"Mi za ka sa mai?"

"Zaki."

"Ka taɓa ganin zaki? Sa mai Sha-Rana."

Na sa. Da ragowar lakar kuma ta gina wani ɗan mitsitsi, bai fi babban yatsa ba, ta ce sunansa Bar-Mini. Ta ce wannan ba na kokowa ba ne, kada in gwara shi da kowa, in dai riƙa fitowa da shi ina kiransa ya ga wasa. Na ga abin banbaraƙwai, amma na ce ai halin tsofaffi ne.

Sha-Rana ya yi kaye da yawa kafin wani yaro ya kawo nasa da ya ɓoye wa dutse a ciki, ya karya masa wuya. Shi ne kakata ta ce a wannan karon ita za ta gina da kanta. Ta ajiye saƙa, abin da ban taɓa gani ba da rana tsaka. Ta daɗe a kansa. Ta yi masa dogon wuya, da faffaɗar kafaɗa, ɗaya ta ɗan fi ɗaya sauka. Da ta gama sai ta ɗauki ƙayar aduwa ta ja masa ɗan tabo a girar hagu. Innata ta zo wucewa da tulu a kai, ta kalli abin da ke hannun kakata, ta ɗan tsaya, sannan ta shige ɗaki da tulun, alhali ruwan a randar tsakar gida ake zuba shi.

Da ya fito daga toka na ce, "Wanga fa, mi sunanshi?"

"Na manta."

"Tsohuwa, ya za ki manta sunan da ba ki sa ba tukuna?"

"Tsufa ke nan, maigida. Tahi wajen tsohon nan mai tufka igiya. Ka ce in ji ni, wane ne yaron nan da ya kayar da ɗan kokowar Gazawa a ƙofar mai gari? Ka ce sunan yanka nake so, ba na wasa ba. Abin da ya gaya maka, shi za ka sa mai."

Tsohon yana zama a gindin wata aduwa kusa da rijiya, yana murza kaba a ƙwaurinsa, har wurin ya yi sumul babu gashi. Na durƙusa na gaishe shi, na isar da saƙo. Hannunsa ya tsaya. Ya karɓi ɗan kokowar, ya jujjuya shi, ya sa yatsa a kan tabon nan na gira.

"Wa ya aiko ka?"

"Matata."

Na ɗauka zai yi dariya. Bai yi ba. Ya faɗi sunan, ya ce in maimaita. Na maimaita. Ya miƙo mini abina ya ce, "To, tahi. Ka riƙe shi da kyau."

Suna ne na kowa da kowa, irin wanda in ka kira shi a kasuwa mutane da yawa za su waigo. Ban so shi ba. Na so abu mai ban tsoro. Amma da aka shiga da'ira, sai ga shi babu mai tsaya masa. Ya fasa Gatari, ya cire wa Kunama hannu, wanda aka ɓoye wa dutse ma ya tsage a kansa. Sai na fara son sunan. Daga hantsi har rana ta yi ja ina kiransa, ina tsalle, muryata har gonaki. Wane! Wane na tsohuwa! Wane mai kwantar da maza! Sauran yara ma suka kama, don yaro yana bin mai nasara.

Yanzu da na tsufa nake ganin abubuwan da idona ya gani a lokacin amma kaina bai ɗauka ba. Kakata ta ce filin da muke wasa akwai ƙaya, mu dawo nan bayan danganmu, yashin ya fi laushi. Ita kuma ta janye tabarmarta daga inuwar rumbu ta koma jikin danga, inda rana ke dukanta rabin yini. Innata in tana daka, na kira sunan, sai in ji taɓarya ta ɗan yi jinkiri a sama kafin ta sauko. Manya masu wucewa zuwa gona kan tsaya, su kalle ni, su kalli danganmu, su wuce. Na ɗauka ɗan kokowata suke sha'awa.

Da yamma kuma, in an zuba tuwo, kakata kan ce, "Maigida, yau wa ya yi kaye?"

In faɗa.

"Ban ji ba. Kunnena ya yi nauyi."

In sake faɗa da ƙarfi. Ta ce, "A'aha. Ashe yana nan da ƙarfinshi." Innata kuma sai ta ƙara mini miya.

Haka muka yi wannan rani. Ban taɓa ganin gidanmu da haske kamar a lokacin ba, kuma ba wani abu aka samu ba. Hatsin ma a ƙididdige ake ɗiba.

Sai ƙanen ubana ya zo, wanda nake ce wa baffa. A Agiye yake zaune, yana ɗinkin keke, yakan leƙo mu lokaci-lokaci da ɗan gishiri da kanwa da sabulu. Mutum ne mai tsare gida, ba mugu ba. Ya iso da azahar a kan kekensa, daidai lokacin da wani yaro ya kawo sabon ɗan kokowa, ana ta gumurzu, ni kuma na buɗe maƙogwaro ina kiran sunan, ina cewa tashi, kada ka ba ni kunya, ɗan banza, tashi! Haka muke zuga su, har da zagi.

Ban ga saukarsa daga keke ba. Sai dai na ji mari a kunnena, duniya ta yi shiru.

"Sunan wa kake kira?"

Na nuna masa ɗan kokowata.

"Sunan ubanka kake kira gatsau a bainar jama'a, har da zagi? Wa ya koya maka rashin kunya?"

Ya fizge shi daga hannuna ya wurga shi cikin gida ta saman danga. Yara suka watse. Ni kuma na tsaya, kunnena na ƙugi, ina ta juya maganar. Sunan ubanka. Ashe ubana yana da suna. Ashe shi ne wannan.

Da muka shiga gida kakata ta riga ta tsince shi. Bai fashe ba, gefen kafaɗa ne kawai ya ɓalle. Tana share masa ƙasa da bakin zanenta. Baffa ya kalli dogon wuyan, ya kalli tabon gira, sai muryarsa ta sauka.

"Inna, ke kika sa shi?"

"Ka taɓa jin bakina ya faɗa?"

Ta ci gaba da share ɗan kokowar.

"Mu biyu a gidan nan bakinmu a ɗaure yake," in ji ta. "Kai ma yaya kake ce mai. Baki ɗaya ya rage da bai san komai ba, shi ma ka zo ka ɗaure. Ka kyauta."

Baffa ya zauna a kan turmi. Innata ta kawo masa fura, ta ajiye, ta koma ɗaki. Furar tana nan har ƙuda suka rufe ta. Kafin la'asar ya hau kekensa. A bakin danga ya tsaya ya dafa kaina, kamar zai ce wani abu, sai ya tafi. Ban riƙe shi a zuciya ba. Abin da aka koya masa ya yi, kuma in da ni ne a matsayinsa, da marin zan yi.

Daga ranar ban sake iya kiran sunan ba. Ba wanda ya hana ni. Kakata ta mayar mini da ɗan kokowar, ta ce in je in yi wasana. Na fita da shi, aka zana da'ira, na buɗe baki, harshena ya ƙi. Kunya ta riga ta shiga. Yara suka yi ta tsokanata, wai in kawo ubana a gwara. Na bar wasan. Kakata ta mayar da tabarmarta inuwar rumbu. Da yamma a zuba tuwo, a ci, a wanke hannu, ba mai tambayar wa ya yi kaye. Sai kukan kurciya a kan gawo, sai motsin akuya a turke.

Innata ce ta gaya mini sauran, wata rana muna tonon aya, ba tare da ta ɗago kai ba. Ta ce Sha-Rana laƙabin wan kakata ne, wanda ya rako ta da aka kawo ta aure daga kudu, mutum mai noma ba hutu, ya koma gida ba su sake ganin juna ba. Bar-Mini kuma ɗan kakata ne, na bayan baffa. Ta yi ta haihuwa suna komawa, shi ne da aka samu wannan ta sa masa wannan suna tana roƙon a bar mata shi. Ya fara tafiya, ya fara gwaranci, shi ma ya koma. Bai kai girman zuwa kallon wasa ba. Shi ya sa ta ce in riƙa fitowa da shi.

Ka ga ke nan duk wannan rani ni ina ganin laka nake gwarawa, ashe mutanen tsohuwa nake yawo da su a aljihu.

Ubana bai dawo ba. Wani ya ce ya gan shi a wata tasha can kurmi yana dako, wani ya ce ba shi ba ne, mai kama da shi ne. Babu gawa, babu saƙo, babu abin da za a yi wa zaman makoki. Da shekaru suka tura, dangin innata suka zo, aka je gaban malamai, aka raba auren. Ta yi wani aure can wajen Gidan Rumji. Ba ta yi laifi ba, mace ce da sauran ƙuruciyarta. Ni aka bar wa kakata. Ranar da za ta tafi ta tsaya a gaban rumbu tana kallon hauyar nan, ta miƙa hannu kamar za ta gyara mata rataya, sai ta fasa.

Muka rage mu biyu. Na ɗan shiga lakol na fito, gona ta fi buƙatata. Kakata ta ci gaba da saƙa har idonta ya dushe, ta koma yi da lalube. A shekarar da za ta rasu, cikin bazara, lokacin zafin nan da ko kaza ba ta son motsi, na fito da ita inuwa da hantsi ina yi mata fifita. Na riga na zama saurayi, murya ta fashe. Ta sa hannu cikin ƙwaryar kabarta tana lalube, sai ga ɗan kokowar nan ta fito da shi, kafaɗa a ɓalle, ya yi sumul don shafa. Ban san tana ajiye da shi ba.

"Maigida."

"Na'am, tsohuwa."

"Wanga naka da ba a taɓa kayarwa ba. Mi ma sunanshi? Na manta."

Na san ba ta manta ba. Ita ma ta san na sani. Na duba hagu, na duba dama, babu kowa sai akuya. Na sunkuya kusa da kunnenta na faɗa.

"Ban ji ba."

Na sake faɗa, yadda ake kiran mutum in yana bayan danga.

Ta rufe ido. Can ta ce, "Haka ne fa."

Ba ta ga shukar wannan shekara ba.

To, mu dawo kan ɗana. Da aka haife shi, ni ma ban kira sunansa ba, uwarsa ma haka, Allah ya jiƙanta. "Kai" nake ce masa. Yaro ne mai tsokana. Yakan ce, "Baba, wai ka san sunana kuwa? Faɗi in ji." In ce tashi ka ba ni wuri. Ya yi dariya ya tafi. Gajere ne, kakkaura, ga wushirya. A tashar nan ya girma, yana lodin kaya. Da abokansa suka fara tafiya arewa suna dawowa da moto, wato babur, shi ma ya ce zai je. Ban hana shi ba. Da me zan hana shi, da rumfar nan? Da farko yakan kira, muryarsa na yankewa, ya ce wurin babu rezo, layi ba ya kamawa sai an hau dutse. Daga baya lambar ta daina shiga. Na tambayi masu dawowa. Wani ya ce ya gan shi, wani ya ce mai kama da shi ne. Na san wannan amsar tun ina yaro.

Ƙannensa mata sun yi aure, ɗaya a Gazawa, ɗaya a Sae Sabuwa, kuma su ma yaya suke ce masa. Abokansa in sun gan ni sai su kauce wa zancen, don kada su tayar mini da hankali. Sai na wayi gari na ga sunan ya ɓace daga garin nan kamar ba a taɓa yanka masa rago ba. Ina komawa gida in buɗe ƙofa, in ci abin da na sayo a tasha, in wanke kwanon da kaina. Babu bakin da zai faɗa.

Na san zamani ya sauya. Yanzu matasa na kiran ɗansu na fari da sunansa a tsakiyar kasuwa, har su rubuta shi a bayan moto. Mata na kiran mazansu a salula da suna, ina ji a rumfata. Ban ce sun yi laifi ba. Wataƙila ma sun fi mu dabara. Amma ni an riga an gasa ni a toka, ba na lanƙwasuwa. Na gwada ni kaɗai a ɗaki, harshen ya ƙi.

Bayan gardamar nan da 'yan kwanaki, ɗan lisen ya matso kusa da teburina, don ya ga na goyi bayansa. Ya ce, "Baba, duba nan. Akwai inda kai za ka gina naka mutumin, ka ba shi sunan da kake so."

Na leƙa. Wani mutum ne tsaye a cikin gilashi, yana jujjuyawa a hankali.

"Rage mai tsawo," na ce.

Ya rage.

"Ƙara mai kafaɗa. Ƙara. To, ya isa."

"Mi za a sa mai?"

Na buɗe baki. Na rufe. Na kalli ƙetaren titi, inda mai facin taya ke aiki, abokin ɗana ne tun suna yara.

"Tahi wajen mai faci can. Ka ce in ji ni, wane ne yake ɗaga buhun aya shi kaɗai ya ɗora a mota, kafin a fara tahiya arewa? Abin da ya gaya maka, shi za ka sa."

Ya tsallaka. Ina kallo mai faci ya ajiye ƙarfen hannunsa, ya ɗago kai ya dubi rumfata, ya daɗe yana dubawa. Yaron ya dawo, ba da saurin da ya tafi ba.

"Baba, ai wanga sunan..."

"Na tambaye ka?"

Ya zauna ya rubuta. Shi ya san abin da yake yi, ni a lokacina ban sani ba. Bambancin ke nan kawai. Ya gaya wa sauran ko bai gaya musu ba, ban tambaya ba.

Yanzu kullum la'asar ana kiran sunan a rumfata, da ƙarfi, har da zagi in ya yi sanyi. Ba na waigawa. Nakan duƙa a kan wayoyina kamar ina neman wadda ta tsinke. Salular yaron nake fara sa wa wuta, ko da shi ya zo ƙarshe, kuma a wayar da ta fi kowace kyau. Masu jira suna ƙorafi, ina jin su, ina ci gaba da aikina.

Jiya an kayar da shi. Na ji benci ya yi shiru, sai hannuna ya tsaya. Yaron ya ce, "Ba komai, Baba. Nan in ya faɗi, tashi yake." Ya danna wani wuri, aka sake karawa. Can sai ihu ya tashi.

Na ce, "Wa ya yi kaye?"

Suka faɗa.

Na ce ban ji ba, hayaniyar tasha ta yi yawa.

Suka sake faɗa da ƙarfi.